Amsoshin Tambayoyinku: Ɗana Ya Ce Kwalin Taliya Jirgin Sama Ne

TAMBAYA: Ni uwa ce mai 'ya'ya uku: babban namiji ne ɗan shekara 6, mai bi masa mace 'yar shekara 4, sai na goye. Ƙanwar maigidana da ke karatu a Ingila ta zo hutu, ta kawo wa yaran tsarabar littattafai masu hotuna. Biyu daga ciki duk labarin kwali ne. A ɗaya wani zomo ne yake shiga kwali yana cewa mota ce, ɗayan kuma wata yarinya ce da kwalin firji. Tun ranar da aka karanta musu, ba a sake yar da kwali a gidanmu an kwana lafiya ba. Kwalin taliya ya zama jirgin sama, na sabulu ya zama kanti, falo duk ya cika. Surukata ta ce ƙarya ake koya wa yaran, kuma abin kunya ne baƙi su shigo su tarar da jikokinta suna wasa da shara alhali an saya musu motoci masu batir. Maigidana kuma yana ganin gara a ba su littattafan koyon baƙaƙe da lissafi. Ni dai na ga suna jin daɗi, amma na rasa abin da zan ce. Shin waɗannan littattafai suna da amfani? In ƙaro irinsu ne, ko in ɓoye waɗanda ke akwai?

Daga wata uwa, Zariya.

AMSA: 'Yar'uwa, Allah ya raya mana su, ya albarkaci rayuwarsu. Kada ki ɓoye littattafan, kada kuma ki ƙwace kwalayen. Abin da kike gani a falonki alamar lafiya ce. Amma da yake maganar Hajiya surukarki da ta maigida duka daga ƙauna suka fito, kowace ta cancanci amsa mai hujja, don haka ki yi haƙuri mu bi su a hankali.

Daga yadda kika kwatanta, littafin zomon nan shi ne Not a Box, na wata Ba'amurkiya mai suna Antoinette Portis, wanda ya fito a 2006, ya kuma samu yabo na musamman a gasar Theodor Seuss Geisel ta 2007, wadda ake yi don littattafan masu fara koyon karatu. Ki sake ɗauko shi ki duba yadda aka tsara shi, domin hikimar tana cikin zanen. A shafi ɗaya za ki ga zomo da kwalinsa an zana su da baƙin layi kawai, babu ado, sai wata murya da ba a nuna mai ita ba tana tambayarsa dalilin zamansa a cikin kwali, ko hawansa kai, ko fesa masa ruwa. Kina buɗe shafi na gaba sai ki tarar da zomon nan da kwalin nan suna nan yadda suke, amma an kewaye su da jan layi, an fito da abin da shi zomon yake gani: motar tsere, ƙololuwar dutse, benen da ya kama da wuta shi kuma ɗan kwana-kwana, mutum-mutumin ƙarfe, a ƙarshe kumbo mai zuwa sararin samaniya. Hatta bangon littafin launin kwali aka yi masa. Baƙin layin shi ne abin da idon babba ke gani, jan kuma na yaro. Ba a goge ɗaya don a zana ɗaya ba, an bar su tare a shafi guda. Ki riƙe wannan, za mu buƙace shi idan mun zo kan batun ƙarya.

Na biyun kuwa Christina Katerina and the Box ne, na Patricia Lee Gauch, da zanen Doris Burn, tun 1971. An kawo sabon firji gida, uwa tana murna da firji, 'ya tana murna da kwalinsa. Kwalin ya zama fadar sarauta, ya faɗi ya zama ɗakin taron ƙungiya, ya lotse ya zama motar tsere, ya baje ya zama daɓen wani babban gida, har abokin wasanta ya wanke shi da ruwa ya narke. Duk lokacin da ya lalace uwar takan yi niyyar kai shi bola, 'yar kuma ta nuna mata cewa wani sabon abu ne ya samu.

Kin lura da abin da ya haɗa littattafan biyu? A cikin kowanne akwai babba da bai gane ba. A nawa ganin, rabin saƙon irin waɗannan littattafai ba na yara ba ne, namu ne mu da ke riƙe da littafin muna karanta musu. Yaro ba ya buƙatar wani marubuci ya sanar da shi cewa kwali na iya zama jirgi. Abin da littafin ya yi wa 'ya'yanki shi ne ya nuna musu cewa wasan da ke cikin ransu yana da daraja har an buga shi a takarda, kuma uwarsu da bakinta ta karanta musu shi. Izini suka samu, shi ya sa kwalaye suka cika falo.

Hujjata a kan haka tana cikin gidajenmu. Tun kafin kwali ya zo ƙasar Hausa yaranmu suke hawan dokin kara, su ɗaura masa linzamin tsumma, su yi sukuwa har su kai gaisuwa. Suna feƙe kara su haɗa mota da ɓargonsa, su yanka tayoyi daga tsohon silifa, su lanƙwasa langa-langa ko gwangwanin madara su yi babbar mota mai ɗaukar kaya. 'Yan mata suna yin 'yar tsana da kara ko ƙashi, su yi mata kitso, su yi mata aure har da jere, su tuƙa tuwon ƙasa a murfin kwalba, su yi miyar ganye. Idan azumi ya kai kwana 10 aka fara tashe, sai ki ga yaro ya manna gemun auduga ya zama tsoho, wani ya cusa tsummoki a riga ya zama mai tumbi. Kwalin taliya sabon shiga ne kawai cikin tsohuwar sana'ar yara.

Abin sha'awa, masanin halayyar yara ɗan ƙasar Rasha, Lev Vygotsky, da ya tashi bayyana muhimmancin irin wannan wasa a wata lacca da ya gabatar a 1933, misalin da ya ɗauko shi ne yaron da ya hau sanda ya ce doki ne. Bayaninsa shi ne, ƙaramin yaro da farko abin da idonsa ya gani shi ke jan tunaninsa: ya ga ƙofa ya buɗe, ya ga matakala ya hau. Ranar da ya hau sanda ya kira ta doki, ya yi wani babban tsalle, domin ya ciro ma'anar doki daga jikin dokin gaske ya ɗora ta a kan wani abu daban. Yanzu tunaninsa ne ke jan abin da ke hannunsa. Yara kan fara wannan tun wajen shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, ya yi ƙarfi sosai tsakanin shekara 3 da 6, wato daidai shekarun manyan 'ya'yanki biyu.

A nan ne maganar maigida ta shigo. Mene ne harafi? Zane ne a takarda da aka yarda ya tsaya a madadin sauti. Mene ne lamba 5? Alama ce da ta tsaya a madadin lemu biyar ko awaki biyar. Karatu da lissafi gaba ɗaya a kan wannan suke tsaye: wani abu ya wakilci wani. Yarinyarki da ta jera murafen kwalba a kantin kwalin sabulu ta ce kuɗi ne, tana karɓa tana ba da canji, aikin da ƙwaƙwalwarta ke yi ɗan'uwan wanda za ta yi a aji ne. Ƙari a kan haka, wasan yana da dokoki da yaran suka ɗora wa kansu. Direban jirgi ba ya barin kujerarsa jirgi na sama, mai kanti ba ya ba da kaya sai an biya. Yaron da ba ya iya zama wuri ɗaya idan an ce ya zauna, sai ki ga ya daure ya zauna saboda shi ne direba. Wannan horon kai ne da babu bulala a ciki.

Sai dai ba na so ki je wa maigida da abin da ya wuce gaskiya. A 2013 Angeline Lillard ta Jami'ar Virginia da abokan aikinta sun bi diddigin binciken da aka yi shekara da shekaru a kan wasan kwaikwayon yara, suka ce hujjar da ke nuna cewa shi kansa wasan ne ke haifar da ƙarin basira ko ƙirƙira ba ta kai ƙarfin da ake yayatawa ba. Yana tafiya tare da bunƙasar harshe da iya ba da labari, amma ba a tabbatar cewa shi kaɗai ne sanadi ba. Don haka kada ki ce masa kwali zai mayar da ɗansa injiniya. Ki ce masa wasan ba ya cin lokacin karatu, ba kishiyarsa ba ne, kuma littafin zomon ma littafin koyon karatu ne, tunda kalmominsa kaɗan ne masu maimaituwa, irin waɗanda ɗan shekara 6 zai iya bi da yatsa. A sayi na baƙaƙe da lissafi, a ajiye su kusa da waɗannan. Yaron da ya fara son littafi saboda zomo ya ba shi dariya, ba a shan wahalar zaunar da shi gaban na lissafi.

Yanzu batun ƙarya, wanda shi ne ya fi nauyi, kuma na ji daɗi da Hajiya ta damu da shi, domin kakar da ke tsoron jikanta ya tashi maƙaryaci kaka ce ta gari. Ƙarya ita ce ka faɗi abin da ba haka ba da nufin wani ya ɗauka haka ne. Ɗanki da ya ce kwalin taliya jirgi ne, yana so ki yarda cewa zai tashi da shi zuwa Jidda? Ko kusa. Ya san kwali ne, ya san kin san kwali ne, gayyatarki yake yi ki shigo wasan. Baƙin layi da jan layin nan duka suna cikin kansa a lokaci guda. Ki gwada ki gani: yarinyar da ta yini tana tuƙa tuwon ƙasa, idan yunwa ta kama ta, wurinki za ta zo neman abinci. Masana irin su Paul Harris sun nuna cewa yara 'yan shekara 2 ma suna bin wannan. Idan babba ya yi kamar ya zuba wa 'yar tsana shayi daga kofin da babu komai, yaron zai ce ta jiƙe, ya ɗauko tsumma ya goge, alhali yana ganin a bushe take. Ƙaryar da ya kamata ki sa wa ido daban take: ya fasa kofi ya ce ƙanwarsa ce. Wannan a tsawata masa. Amma idan aka kira wasansa ƙarya, aka haɗa su a suna ɗaya, an rikita masa abin da a da ya bambance da kyau.

Akwai kuma abin da na tabbata zai kwantar wa Hajiya da hankali fiye da sunan kowane Bature. Ya zo a cikin Bukhari da Muslim cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana wasa da 'yan tsana tare da ƙawayenta a gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kuma bai hana su ba. Abu Dawud ya ruwaito cewa Manzon Allah ya taɓa ganin wani doki mai fukafukai biyu na ƙyalle a cikin kayan wasanta, ya tambaye ta, ta kafa hujja da dawakin Annabi Sulaiman, shi kuma ya yi dariya. Haka nan Rubayyi'u 'yar Mu'awwiz ta ba da labarin yadda suke yi wa yaransu abin wasa da ulu don su ɗauke musu hankali daga yunwa a ranar azumin Ashura. Dokin ƙyalle mai fukafukai da jirgin kwali, ai gida ɗaya suka fito.

Yadda za ki isar da wannan ma yana da muhimmanci. Ba ke za ki zaunar da surukarki ki yi mata bayani ba. Ki bari wata rana ana hira ki ce, “Hajiya, ku a zamaninku da me kuke yin 'yar tsana?” Ki ƙyale ta ta ba da labari, yaran suna ji. Idan Allah ya sa ta ce a samo mata kara ta nuna musu, magana ta ƙare. Hadisan kuma ki bar wa ɗanta ya kawo su, daga bakinsa za su fi shiga.

Saura batun kunya da motoci masu batir. Na san wannan ciwon. Da yawa daga cikin iyayenmu sun yi wasa da gwangwani ne don babu halin sayen wani abu, saboda haka ganin jika da kwali yana tuna musu rashi, motar batir kuma shaida ce cewa Allah ya buɗa. Ba abin raini ba ne. Amma ki duba abin da ke faruwa a ƙasashen da ake ƙera motocin. A birnin Rochester na Jihar New York akwai gidan adana kayan tarihin wasa mai suna The Strong, inda ake zaɓen kayan wasan da suka fi tasiri a rayuwar yara ana karrama su. A 2005 suka shigar da kwali cikin jerin, a 2008 suka shigar da sanda, suna zaune tare da Lego da Barbie. Shi kwalin ma ba don yara aka yi shi ba. Wani ɗan asalin Sikotilan mai masana'antar takarda a New York, Robert Gair, shi ne wajen 1879 ƙarfen injinsa ya goce ya yanka takardar da ya kamata ya lanƙwasa, daga nan ya gane ana iya yankawa da lanƙwasawa a bugu ɗaya, kwali ya yi araha ya bazu duniya. 'Yan kasuwa suka samu abin zuba kaya, yara suka tsinci abin da ya rage.

Dalilin da ya sa kwali ke daɗewa a hannun yaro fiye da motar batir ba ɓoyayye ba ne. Motar an gama ta tun daga masana'anta. Tana tafiya gaba, tana baya, tana ƙara, shi ke nan. Aikin yaro ya danna ya kalla. Kwali kuwa ba a gama shi ba, sai abin da yaro ya ce. Wani Bature mai suna Simon Nicholson ya rubuta a 1971 cewa yawan ƙirƙirar da yara za su yi a wuri ya danganta da yawan abubuwan da za su iya ɗagawa, su juya, su haɗa, su wargaza a wurin. A wani bincike da aka buga a 2018, masana a Jami'ar Toledo ta Amurka sun sa yara 36, 'yan wata 18 zuwa 30, wasa sau ɗaya da kayan wasa 4, sau ɗaya da 16. Da aka ba su 4 sun fi daɗewa a kan kowanne, sun kuma fi sarrafa shi ta hanyoyi daban-daban. Wata kuma, Anna Sosa, a binciken da ya fito a 2016, ta naɗi muryoyin iyaye 26 da jariransu suna wasa a gida. Lokacin da abin wasan mai batir ne mai magana da kiɗa, iyayen sun fi yin shiru. Kayan wasa na gargajiya sun fi jawo magana, littafi kuma ya fi duka. Binciken biyu ƙanana ne, amma sun dace da abin da kowace uwa ke gani: idan abin wasa yana surutu, mutane sukan yi shiru. Ba na cewa a zubar da motocin. Ki bar su, za ki ga an gina musu gareji da kwali.

Kin tambaya ko ki ƙaro irinsu. Idan da hali, e, amma ba sai kin tara ba, kuma ga wanda zan fara ba ki shawara a kai: Galimoto, na Karen Lynn Williams da zanen Catherine Stock, 1990. A Malawi labarin ya faru. Wani yaro ɗan shekara 7 mai suna Kondi ya ƙudurta zai ƙera motar waya, ya yini yana zagaya gari yana neman guntayen waya, manya suna kora, wasu suna taimako, har ya haɗa ta kafin dare. Na fifita shi ne don 'ya'yanki za su ga yaro mai kama da su, a gari mai kama da nasu, da injin niƙa da kasuwa. Akwai Roxaboxen na Alice McLerran da zanen Barbara Cooney, 1991, labarin gaske na ƙuruciyar mahaifiyar marubuciyar a garin Yuma na Jihar Arizona, inda yara suka gina gari guda a kan wani tudu da duwatsu da tsofaffin akwatunan katako, da tsakuwa a matsayin kuɗi, da sanduna a matsayin dawaki, har da gidan yari na masu gudun wuce sa'a. Yau wurin ya zama filin shaƙatawa mai ɗauke da sunan littafin. Wannan zai fi dacewa da babban. Sai What to Do with a Box na Jane Yolen, 2016, da Boxitects na Kim Smith, kan 'yan mata biyu magina kwali da suka fara da kishi suka ƙare da haɗa hannu. Ita Portis ma ta sake yin wani a kan sanda.

Ina da ƙorafi ɗaya a kan yawancinsu. An rubuta su ne a inda kwalin firji shara ne, ana ajiye shi a bakin titi. A wurinmu kwali kuɗi ne: mai shago yana sayarwa, 'yan jari-bola suna saye, mai tsire da mai ƙwai suna da aikin da za su yi da shi, wani ma shimfiɗarsa ke nan. Yaron da ya ga katafaren kwali a littafi zai iya ɗauka nasa na taliya bai isa ba. Ki nuna masa ya isa. Zani biyu da kujera ɗaki ne, tabarmar da aka jingina kogo ce, turmin da aka kwantar jirgin ruwa ne. Kuma abin yana yi mini ciwo cewa har yau yaron Zariya zai fi saurin samun littafi mai hoto a kan zomon Amurka fiye da a kan dokin kara. Muna da marubuta, muna da masu zane, muna da tarihin buga littafi a garinku tun zamanin da Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce a shekarun 1930. Littafin ƙananan yara mai shafi 24, kalmomi kaɗan, zane mai kyau, shi ne muka bari a baya. Kafin a cike wannan giɓi, ki duba African Storybook, wanda wata cibiya a Afirka ta Kudu mai suna Saide ta kafa, da StoryWeaver na Pratham Books a Indiya. Dukansu kyauta ne a intanet, suna da labarai da Hausa, ana iya saukewa a waya ko a kai shagon kwamfuta a buga a takarda. Bugawar ta fi, don yaro ya riƙe da hannunsa ya juya shafi da kansa.

Yadda ake karantawa ya fi yawan littattafan muhimmanci. Kada Turancin ya ɗaure ki. Ki ɗora 'yar shekara 4 a cinya, ki buɗe, ki ba da labarin da Hausa. Kafin ki juya shafi ki tambaye su, “To, yanzu me kuke jin zai ce kwalin ya zama?” Duk abin da suka faɗa ki karɓa ki ƙara masa: in ya ce jirgi, ki ce jirgin ina za shi, wa ya ɗauka, me aka yi guzuri. Wani masani, Grover Whitehurst, da abokan aikinsa sun gwada wannan salo a 1988, suka ga yaran da iyayensu ke yi musu tambaya suna barinsu su yi magana a lokacin karatu sun fi samun ƙaruwar kalmomi a kan waɗanda ake karanta wa kawai suna saurare. Mu ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu, haka ake tatsuniya, mai bayarwa na faɗa masu sauraro na amsawa. Idan sun ce a maimaita littafi ɗaya kullum, ki maimaita. Wata rana za ki ji babban yana karanta wa ƙanwarsa da ka.

Kuna ma iya yin naku. Ki yanka kwali gida huɗu ko shida, ki huda gefe ki ɗinke da zare. A kowane shafi ki zana akwati da baƙin biro, ki miƙa wa yaro jan fensir ya mayar da shi abin da yake so, sannan ya faɗa miki abin da za ki rubuta a ƙasa, ki rubuta da Hausa yadda ya faɗa, ba gyara. Ki sa sunansa a bango. Wannan shi za ki nuna wa maigida, domin a ciki yaro zai ga maganar bakinsa ta koma baƙaƙe, kuma zai so ya san wane harafi ne ya ce “jirgi”.

Hattara da abu ɗaya da iyaye masu ƙauna ke yawan faɗawa ciki: kada ki gina musu. Idan kika zauna da almakashi da gam kika fito da jirgi mai kyau da fukafukai da taga, kin sake ba su motar batir ce, sai dai ta kwali. Aikinki ki yanka inda suka nuna, tunda reza da wuƙa ba na hannunsu ba ne, ki ba su alli ko gawayi ko fensir mai launi, ki koma gefe. Idan aka miƙo miki tikiti ki karɓa ki shiga jirgi. Kuma kada a ce jirgi na namiji ne, kanti da girki na mace. Ki bar yarinyar ta tuƙa, shi ma ya sayar da sabulu.

Ta fuskar lafiya, ki san abin da kwalin ya ɗauko kafin ya zo hannunsu. Wanda aka zuba maganin feshi, ko maganin ɓera, ko taki, ko fetur da man inji, kada ya shigo gida. Ki cire ƙananan ƙarafan da ake ɗinke manyan kwalaye da su, ki kwashe leda da farin soson da ake cusawa cikin kwalin kayan lantarki, domin na goye zai iya kai su baki ko ya rufe fuska da leda. Kwalin da ya kwana a tsakar gida ko a sito a kakkaɓe shi da safe saboda kunama da kyankyaso. A nisanta shi da murhu, risho da maganin sauro mai hayaƙi, kuma kada a sa jariri a ciki a rufe ko a ja shi a kan matakala. Wanda ya jiƙe ya fara wari, kwanansa ya ƙare.

Falon kuma hakkinki ne, da na Hajiya da baƙinta. Ki ware musu lungu ɗaya, a ɗakinsu ko a baranda, ki ce kwali biyu ko uku ne ke zama a lokaci guda. In sabo zai shigo, su zaɓi wanda zai fita. Kafin magariba kowane jirgi ya koma tasharsa. Idan lokacin yar da wani ya yi, kada ki ɗauke shi da dare su wayi gari babu. Ki sanar da su tun da rana, su cire abin da suke so a jiki, sannan babban ya ɗauka da kansa ya miƙa wa mai jari-bola idan ya zo wucewa, kuɗin da aka ba shi kuma a saka a asusun sayen fensir mai launi.